Baba ya bar wa ɗaliban jami'a shaguna shida a wasiyyarsa, gida ya rabu biyu

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan aji. Shawara nake nema, musamman wajen malamanmu da lauyoyinmu. Kun san Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, da yawanku ma kun zo gaisuwa, Allah ya bar zumunci. Bayan an share makoki muka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun filaye, sai ga wasiyya da rubutun hannunsa a cikin littafi irin na 'yan firamare, da sa hannun shaidu biyu, limamin unguwarmu da wani amininsa, kuma dukansu suna raye. Shagunansa shida na bakin titi ya bar wa ɗaliban jami'ar da ya yi karatu, ni kuma ya naɗa ni wasiyyi, wato mai zartar da wasiyyar. Yanzu gida ya rabu biyu. Wasu sun ce a zartar. Wasu sun ce jami'a ta gwamnati ce, ina ruwan gadonmu da ita. Ni dai tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Hajiya Uwa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Mutumin kirki ne.

Malam Liman: Amin. Abban Sadik, kafin kowa ya ce uffan, ba mu lissafi. Nawa aka ƙiyasta dukiyar gaba ɗaya, nawa ne bashi, nawa ne kuɗin shagunan?

Abban Sadik: Allah ya gafarta Malam, abin da dillalai suka ƙiyasta, gida da gona da shaguna da abin da ke banki, ya kama naira miliyan 90. Bashin da aka tabbatar miliyan 6. Shagunan kaɗai miliyan 35. Magada: mata biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, huɗu daga ciki ƙanana ne, 'ya'yan amarya.

Malam Liman: To ka ga an zo wurin. Tsarin a jere yake: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun yi ta maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Ka cire 6 daga 90, saura 84. Sulusin 84 shi ne 28. Ikon Baba a kan dukiyarsa bayan ransa a nan ya tsaya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka, 'ya ɗaya gare shi a lokacin, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah (SAW) ya ce a'a. Ya ce rabi, ya ce a'a. Ya ce sulusi, ya ce sulusi, sulusin ma da yawa.

Saboda haka miliyan 28 ɗin nan ba a neman yardar kowa a kanta, ko gidan gaba ɗaya ya ƙi. Miliyan 7 da ta hau sama kuwa haƙƙin magada ce. Baligi mai hankali yana iya yafe nasa kason. Na yara ƙanana babu mai ikon yafewa, ko uwarsu, ko kai. Kuma ka karanta wa masu ja aya ta 181 a Baƙara: wanda ya canja wasiyya bayan ya ji ta, laifin yana wuyan masu canjawar.

Ɗan Kwari: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, hukunci mun ji. Amma ni fa zan faɗi abin da ke cikina. Da masallaci Baba ya ce, ko rijiyar burtsatse, ko islamiyya, wallahi babu wanda zai ɗaga murya a gidan nan. Jami'a? Wurin da gwamnati ke ware wa kasafi duk shekara, ga TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tana zuba musu gine-gine? Irin wannan aikin na su Dangote ne, da ya gina wa BUK makarantar kasuwanci, ko Abdussamadu Rabi'u da gidauniyarsa ta ba ABU naira biliyan ɗaya a 2021. Shago shida kuma me zai yi a can? Ko kuɗin man janareta na wata guda ba zai kai ba.

Dakta Ɗan Birni: Alhaji, ba janareta Baba ya bar wa ba, ɗalibai ya bar wa. TETFund ɗakin lacca take ginawa, ta tura malamai ƙaro karatu, ta ba da kuɗin bincike. Ba ta biya wa yaro rajista. Ka zo ofishina makon rufe rajista ka zauna. Tun 2023 da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗi, abin ya canja. Yaro ɗan aji huɗu zai shigo da takardar neman ɗage karatu a naɗe a aljihun riga, ta yi laushi don yawan buɗewa da rufewa, ya tsaya a bakin tebur ya kasa miƙo ta. Ka tambaye shi nawa ya rage, ya ce dubu arba'in. Ya riga ya sayar da wayarsa, da ta abokinsa yake duba jarabawa. Mu malamai mu ke karo-karo, mu da albashinmu ba ya kai mu ƙarshen wata. Akwai hukumar ba ɗalibai rance ta NELFUND tun 2024, gaskiya ta rage zafi, amma rance ce, za a biya. Hayar shago shida a shekara za ta fitar da yara da dama daga wannan tsayuwar.

Ɗan Kwari: In ta isa hannun yaran ba.

Hajiya Uwa: Yauwa, nan ne ni ma nake tsoro. Kawun maigidana malami ne, ya tara littattafai ɗaki guda, na Larabci da na boko, har da rubutun hannu. Kafin ya rasu ya ce a kai wata jami'a, ba zan faɗi suna ba. Aka ɗauki hayar a-kori-kura aka kai, aka yi hoto, aka ba mu takardar godiya. Da aka daɗe muka je wani biki a garin, na ce bari mu leƙa. Kwalayen suna nan ƙarƙashin matakalar bene yadda muka ɗaure su da igiya, ko kwancewa ba a yi ba. Na ƙasa ruwa ya jiƙa, gara ta yi gini a jikinsu. Na ɗaga littafi ɗaya, bangon ya zo a hannuna, cikin ya zube. Wanda ya karɓa ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Maigidana har muka dawo gida bai yi magana ba. Littafi ke nan da ba a kashe shi a kasuwa. Ina ga kuɗin haya?

Dakta Ɗan Birni: Wannan ba zan musa ba Hajiya, na ga irinsa. Matsalar ita ce kyauta ta shigo ba ta da mai bibiya. Shugaban jami'a shekara biyar yake yi ya tafi, ba a sabunta masa. Duk abin da aka ƙulla da baki da mutum ɗaya, da shi yake tafiya.

Barista Maman Iman: Sannunku, yanzu na fito daga kotu. Yaya Abban Sadik, don Allah rubuto mana kalmomin Baba yadda suke, kada ka taƙaita. A irin wannan, kalma ɗaya takan canja komai.

Abban Sadik: Ga shi: "Shagunana shida na bakin titi na bar su saboda Allah don ɗaliban jami'ar da na yi, waɗanda iyayensu ba su da hali. Kada a sayar. A ci haya a biya musu kuɗin makaranta."

Barista Maman Iman: Ma sha Allah. To ai Baba bai ce a mallaka wa jami'a ba. Ya ce don ɗalibanta. Ke nan ba dole ne ka ɗauki takardar shagunan ka miƙa wa hukumar makaranta ba.

Malam Liman: Haka ne. "Kada a sayar, a ci haya" shi ne hubusi, wato waƙafi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Haibar: a tsare tushen, a yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Sai dai tunda Baba ya rataya shi ga mutuwarsa, hukuncin wasiyya ya hau kansa, daga sulusi zai fita. Amma Barista, ki yi a hankali. Kada a fake da "muna tsoron jami'a" a bar shagunan a hannun 'ya'ya. Na sha gani. Shekarar farko a biya wa ɗalibai goma, ta biyu a ce rufi ya yi yoyo, ta uku a ce ƙanin wane ya shiga shago ɗaya zai riƙa biya a hankali. Kafin jikoki su girma ya koma gado.

Barista Maman Iman: Gaskiya ne Malam, shi ya sa ba gida nake cewa a bar wa ba. Ga yadda nake gani. Da farko a je gaban alƙali a Babbar Kotun Shari'a da littafin da shaidun nan biyu tun suna raye, a tabbatar da wasiyyar a rubuce, a fitar da sulusi. Wannan hurumin kotunan Musulunci ne, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci waƙafi da kyauta da wasiyya da gado ƙarara in mamacin Musulmi ne. Kada wani ya ruɗe ku da cewa tunda rubutacciya ce sai a bi ta yadda take, ko ta wuce sulusi. Wannan tunanin daga shari'ar Adesubokan da Yunusa ya samo asali, inda Kotun Ƙoli a 1971 ta ce Musulmi na iya yin wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ko da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Bayan nan jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka mayar da Musulmi kan shari'arsa.

Daga nan sai a yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunan waƙafin: mutum ɗaya daga gida, ɗaya daga jami'a ta kujerarsa ba ta sunansa ba, misali duk wanda ke riƙe da ofishin kula da ɗalibai, ɗaya kuma na waje wanda ba ya cin komai a ciki. Takardar shagunan ta koma sunan amintattun. Wannan sai an bi ta ma'aikatar filaye, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna, don haka ka shirya zirga-zirga. Haya ta shiga asusun waƙafin. Jami'a ta kawo sunaye, amintattu su tantance, a biya rajistar kowane ɗalibi kai tsaye, a ajiye rasit. Kuɗi ba ya kwana a hannun kowa. In kuwa kuka zuba wa jami'ar tarayya kuɗi dunƙule, sai ka fara tambayar wane asusu za su faɗa, domin tun 2015 akwai maganar asusun bai-ɗaya na TSA.

Ɗan Kwari: Barista, duk wannan ɗawainiyar a kan shago shida? Kuɗin lauya kaɗai ai zai cinye shago ɗaya.

Barista Maman Iman: Nawa na yafe, Baba ne. Na ma'aikatar filaye ne ba ni da iko a kai.

Yaya na Ingila: Ina ta karantawa a jirgin ƙasa. Alhaji, maganar "shago shida me zai yi" ta tuna min da Harvard. An kafa ta a 1636. A 1638 wani matashin malamin coci, John Harvard, ya mutu yana ɗan shekara 30, ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400. Shi ke nan abin da ya yi, aka sa mata sunansa. Yau asusun ajiyarta ya haura dala biliyan 50. Johns Hopkins ma wasiyya ce, ɗan kasuwar Baltimore ne da ya rasu a 1873 ya bar dala miliyan 7, rabi jami'a rabi asibiti. Hajiya kuma, ki sha kurumin ki, littattafan John Harvard ɗin ma gobarar 1764 ta cinye su, ɗaya tak aka ce ya tsira. Kuɗin ne suka yi aiki.

A nan kowace jami'a tana da ofishin da aikinsa ke nan, su rubuto maka, su ba ka kalmomin da za ka sa a wasiyya, su riƙa aiko wa iyalinka rahoto. Sai dai kada mu ɗauka duk tsoron Allah ne. Harajin gado a nan kashi 40 cikin ɗari ne a kan abin da ya haura wani adadi. Abin da ka bar wa sadaka ba a taɓa shi, kuma in ya kai kashi 10 cikin ɗari, harajin sauran ya sauko zuwa 36. Mutum yana ganin gara jami'arsa ta ci da baitulmali ya ci.

Dakta Ɗan Birni: Yaya, ba sai mun je Amurka ba. Jami'ar Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko mace ce ta gina ta da kuɗin gadonta, Faɗimatu al-Fihriyya, a 859. Azhar ƙarnuka ta yi tana ciyar da ɗalibai da waƙafi, burodi ake raba musu kullum. Ɗaliban Barno har da ɓangarensu na kwana a can. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar don masu karatun Malikiyya, matafiyansu suna sauka a ciki. Jami'ar Alƙahira ta boko ce, amma Gimbiya Faɗimatu 'yar Isma'il ce ta ba ta fili da gonaki har da gwala-gwalanta. Mu ne dai muka tsaya a kan cewa lada sai a masallaci. Unguwarmu masallaci huɗu ne a layi ɗaya, da asuba ko sahu biyu ba a cikawa, ga asibitin unguwar babu likita.

Ɗan Kwari: Dakta ka faɗi farko ka bar ƙarshe. Waƙafin Masar ɗin ina yake? Gwamnati ta haɗiye, a 1961 ma Azhar ɗin kanta ta koma ƙarƙashin hukuma. Kuma maganar masallaci ka bar ta, hadisi ne ya yi alkawarin gida a Aljanna, ba ni ba.

Malam Liman: Ku dakata. Alhaji ya yi gaskiya, falalar masallaci tabbatacciya ce. Dakta ma ya yi gaskiya, hadisin abubuwa uku da ba sa yankewa ya ambaci sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi. Yarinyar da aka biya wa ta zama likitar mata, duk haihuwar da ta karɓa Baba yana ciki in Allah ya so. Amma ba ma wannan ake tambayarmu ba. Mai dukiya ya riga ya zaɓa, kuma abin da ya zaɓa halal ne. Ba a ba wasiyyi ikon ya ce na hango abin da ya fi lada, bari in juya.

Hajiya Uwa: Ni duk ba wannan ke damuna ba yanzu. Abban Sadik, tsakaninka da Allah, masu jan nan su wa ye? Amarya ce ko?

Abban Sadik: Ita ce, da yayanta da ke tsaya mata. Kuma ban ga laifinta ba Hajiya. Da hayar shagunan nan ake cefanen gidan. Gida ba ya kawo ko kwabo, gona sai shekara. Mu manya kowa yana da abin yi. Ita tana da yara huɗu, babbansu yana aji biyu na sakandare.

Hajiya Uwa: To ka ji. Mace ta zauna takaba tana kallon abincin 'ya'yanta zai tafi wajen 'ya'yan wasu, ku kuna nan kuna Harvard. Malam, hadisin Sa'adun da ka kawo ai yana da ƙarashe: ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane.

Malam Liman: Yana da shi Hajiya, kuma shi ya sa wasu sahabbai suka fi son mutum ya tsaya ƙasa da sulusi, Ibn Abbas ya so a ce rubu'i. Da Baba ya shawarce ni yana raye, da na ce ya rage. Amma wannan nasiha ce ga mai rai, ba ta rushe wasiyyar mamaci. Kuma ba a bar su hannu rabbana ba, miliyan 56 za a raba, har da rarar miliyan 7 ɗin a ciki. Abin da ya rage aikin manyan 'ya'ya ne. A wajen rabo ku tura wa yaran abin da ke kawo kuɗi, ku ku ɗauki wanda ke kwance. Shago shida a miliyan 35, kowane ya kusa miliyan 6. Sulusi ya ɗauki huɗu cif, da mafi yawan na biyar. To manya su cike na biyar daga kasonsu in sun ga dama, na shida ya faɗa rabon marayu su riƙa cin hayarsa. Ka ga an zartar da wasiyya, ba a taɓa haƙƙin yaro ba.

Yaya na Ingila: Wannan lissafin ya yi. Kuma ku lura da basirar Baba da ya ce kada a sayar. Da kuɗi ya bari a banki, da tuni sun narke. A 2015 dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Haya kuwa tana bin kasuwa.

Auta: Yayyena ni tambaya gare ni. Za a sa sunan Baba a jikin abin? Na ga ana yi, gidauniyar wane, kujerar farfesa ta wane. Ba riya ba ce?

Malam Liman: Riya a zuciyar mai aiki take, shi kuwa ya ɓoye abinsa a akwati har ya koma ga Allah, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Suna a nan tsaro ne. Abin da ke da suna da allo a jikin bango ya fi wuyar haɗiyewa.

Ɗan Kwari: Ni dai abin da na ɗauka a zancen nan, in zan yi, da raina zan yi. In ga yaran da idona, in wanda na ba amana ya ci in kama shi da hannuna.

Malam Liman: Wannan kam ba a ja da kai. An tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, ya ce wadda ka yi kana lafiya, kana son dukiyar, kana tsoron talauci. Kuma mai lafiya ba a ƙayyade masa sulusi. Sharaɗi ɗaya a mazhabarmu: ka fitar da abin daga hannunka a karɓa tun kana lafiya. In ka ce na yi hubusi amma kana ci gaba da karɓar haya kana sawa a aljihu har ciwon ajali ya zo, ya ɓaci, gado ne.

Ɗan Kwari: To fa. Ashe akwai sauran karatu.

Barista Maman Iman: Yaya Abban Sadik, abu biyu kafin in shiga kicin. Ƙiyasin dillalai ba zai wadatar ba, tunda a kan 'yan miliyoyi ake ja. A samo mai ƙiyasta kadara mai rajista ya rubuta, domin in shagunan suka sauko ko gonar ta hau, sulusin ma ya motsa. Na biyu, hayar da ta shigo tun ranar rasuwa wa ke karɓa?

Abban Sadik: Ni ne, tana cikin asusuna. Akwai ma mai shagon ɗinki da ya ce ya biya Baba shekara biyu gaba, amma rasit ɗin shekara ɗaya ya nuna min.

Barista Maman Iman: Fitar da ita daga asusunka gobe-goben nan, kafin yayan amarya ya riga ka faɗa a gaban alƙali. Shi kuma telan, duba ƙarshen littafin da Baba ya rubuta wasiyyar, dattawan nan a bayan littafi suke rubuta wanda ya biya. In babu, ya kawo shaida. Ka zo min da littafin da kundin rasit ɗin ranar Litinin da safe, kafin ƙarfe tara.